Daga Wasiƙar Leonardo Zuwa CV Ɗin Shagon Kwamfuta

Waɗanda suka daɗe suna tambayar yaushe za mu taɓo maganar neman aiki, to yau ga ta, sai dai ta ƙofar tarihi za mu shigo mata kamar yadda muka saba.

Bari mu fara da abin da ya faru da mu. Shekarar da muka karɓi sakamakon difloma, mu huɗu 'yan aji ɗaya muka ji labarin wani kamfani yana neman ma'aikata, aka ce a kai CV kafin ranar Juma'a. Muka ɗunguma zuwa wani shagon buga takardu da ke bakin makaranta. Yaron shagon bai tambaye mu komai ba sai suna, ranar haihuwa, jiha, ƙaramar hukuma da makarantun da muka yi. Ya buɗe wata tsohuwar takarda a kwamfutarsa, ya goge sunan mai ita ya sa na ɗayanmu, ya buga, ya sake gogewa ya sa na na biyu. Kafin rabin awa ya sallame mu. Da muka fito muka jera takardun a kan benci, sai ga shi dukkanmu masu ƙwazo ne, dukkanmu muna iya aiki cikin matsi, dukkanmu muna son aiki tare da jama'a, kuma abin sha'awar kowannenmu karatu ne da tafiye-tafiye. Alhali a cikinmu akwai wanda bai taɓa ƙetare iyakar jiharmu ba. Akwai wanda tun yana aji uku na sakandare shi ke riƙe da littafin bashin shagon kawunsa. Akwai wadda ta shekara biyar tana koyar da matan aure a islamiyyar dare. Akwai wanda duk unguwarsu in janareta ya ƙi tashi shi ake aika yaro ya kira. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da ya hau takarda. Ba a kira ko mutum ɗaya a cikinmu ba.

Ba mu ce takardar ce kaɗai ta kayar da mu ba. Kowa ya san yadda ake ɗaukar aiki a ƙasar nan, ya san nauyin "wa ka sani". Amma tun ranar abin yake ci mana tuwo a ƙwarya: yaya aka yi takardar da aka ƙirƙira don ta gabatar da mutum ta koma takardar da mutum huɗu ke shiga cikinta su fito mutum ɗaya?

A ƙasar Hausa ta dauri, mutum ba ya ɗaukar bayanin kansa ya kai wa wanda zai ba shi aiki. Wani ne ke ɗauka masa. Uba ya kama hannun ɗansa ya kai shi wajen maƙeri ko maɗinki ko attajiri, ya ce ga amana. Falken da ya sauka a zango baƙo, fatomansa ne ke tsaya masa, shi ke gaya wa 'yan kasuwa cewa wannan ana iya ba shi kaya bashi. In ana son sanin mutum, tambayar ita ce ɗan wane ne, yaron wane ne, a gaban wa ya yi karatu. Hatta a fagen ilimi haka abin yake, domin ijaza malami ne ke ba almajiri, ya lissafa a ciki daga wa shi ma ya karɓa. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo yana da wani ɗan littafi mai suna Ida'un Nusukh, inda ya jero malaman da ya zauna a gabansu da littattafan da ya karanta wajen kowannensu. Wanda ya duba shi da idon yau zai ce ai wannan rabin CV ne. Sai dai ko a nan ɗin ba kansa ya sa a gaba ba, malamansa ya sa, darajarsa ta fito ta cikin sunayensu.

Shi ya sa har yau hannunmu ke rawa in aka ce mu rubuta abin da muka iya. An raine mu a kan cewa yabon kai jahilci ne. Masu yabon kansu a bainar jama'a sanannu ne: ɗan dambe, maharbi, ɗan tauri. Su ma kuwa al'ada ba ta sake musu haka kawai ba. Ɗan dambe yana kirari ne a tsakiyar fage, hannu a naɗe, abokin karawa na tsaye yana saurare. Ɗan tauri yana gama nasa kirarin zai ɗora wuƙa a jikinsa. Wato an yarje maka ka faɗi ko kai wane ne, bisa sharaɗin za a gwada ka yanzu-yanzu. Malamanmu kuma in ana gardamar ko ya halatta mutum ya faɗi abin da ya iya, sukan kawo ƙissar Annabi Yusuf, alaihissalam, lokacin da ya nemi sarkin Masar ya ɗora shi a kan rumbunan ƙasa. Siffofi biyu ya ambata, tsare amana da sanin aikin, su ne kuma ainihin abin da shekarun yunwa ke buƙata. Kyawun fuskarsa da duk garin ya sani bai shigo maganar ba.

Mu riƙe waɗannan abubuwa biyu, zaɓen abin faɗa da yarda a gwada ka, domin za mu sake cin karo da su a wata ƙasa mai nisa, a cikin wasiƙar da marubuta da yawa ke kira CV na farko a tarihin Turai.

Ƙasar ita ce Italiya, shekarar kuwa wajen 1482. Italiya a lokacin ba ƙasa ɗaya ba ce. Birane ne kowanne da mai mulkinsa, kamar Kano da Katsina da Zazzau kafin jihadi, yau ana ƙawance gobe ana ɗaura yaƙi. Mai wasiƙar shi ne Leonardo da Vinci, wanda yau ko yaron firamare ya ji sunan zanensa Mona Lisa. Amma a 1482 ba wannan Leonardo ɗin ba ne. An haife shi a 1452 a ƙauyen Vinci kusa da birnin Florence. Mahaifinsa mai rubuta yarjejeniyoyi ne da shaida su a hukumance, sana'a mai daraja, sai dai ba ta hanyar aure aka haifi yaron ba, wannan kuma ya rufe masa ƙofar gadon sana'ar. Bai yi jami'a ba. Bai tashi da Latin ba, harshen da a lokacin shi ne ma'aunin mai ilimi. Koyon aikin hannu ya yi a shagon wani gwani mai suna Verrocchio, yana niƙa fenti yana narka ƙarfe. Da yaren yau, ɗan koyon sana'a ne a tsakiyar masu digiri. Mu 'yan difloma mun san ɗumin wannan kujerar.

Yana da shekara 30, an san hannunsa da kyau a zane, amma an fara saninsa da wani abu kuma: ba ya ƙarasa aiki. A 1481 wasu 'yan zuhudu sun ba shi kwangilar wani babban zane, ya fara ya bari. A wannan shekarar ce aka ɗebi fitattun masu zanen Florence, irin su Botticelli, aka kai su Rum su ƙawata bangon wata majami'ar Fafaroma, babu sunansa a ciki. Sai ya juya fuskarsa arewa, zuwa Milan.

Mai riƙe da Milan shi ne Ludovico Sforza. Ba shi ne sarkin ba a hukumance, riƙo yake yi wa ɗan ɗan'uwansa wanda yake yaro, kuma ba shi da niyyar saki. Irin wannan mai mulki abu biyu ke hana shi barci: maƙiya a waje, da kuma yadda zai nuna wa jama'a cewa gidansu ne ya cancanci sarauta. A 1482 ɗin ma Milan ta shiga yaƙi da birnin Venice a kan rikicin Ferrara. Leonardo ya san duk wannan, wasiƙarsa ce shaida.

Abin da ya iso gare mu daftarin wasiƙar ne, yana cikin babban kundin takardunsa da ake kira Codex Atlanticus, a ɗakin karatu na Ambrosiana da ke Milan. Masana sun ce rubutun hannun ba nasa ba ne. Shi bahago ne, daga dama zuwa hagu yake rubutunsa, haruffan a juye, sai da madubi ake karanta shi cikin sauƙi. Ke nan shi ma wani ne ya rubuta masa, kamar yadda aka buga mana a shagon kwamfuta. Bambancin kawai, shi ne ya kawo abin da za a rubuta.

Ya buɗe da cewa ya duba ayyukan waɗanda ke kiran kansu gwanayen ƙera kayan yaƙi, ya ga ba su da wani bambanci da abin da kowa ya sani, don haka ba tare da cin mutuncin kowa ba yana son ya buɗe wa mai girma sirrinsa. Daga nan ya shiga jero su da lamba. Zai iya yin gadoji marasa nauyi masu ƙarfi, da runduna za ta ɗauka ta bi abokan gaba ko ta tsere musu. In an yi wa gari ƙawanya, ya san yadda ake janye ruwan ramin da ke zagaye da ganuwa, ya san haɗa tsani da sauran kayan hawa. In ganuwar ta fi ƙarfin harbi, yana da dabarar rushe ta ko da a kan dutse aka gina ta. Yana da igwa mai sauƙin ɗauka da ke watsa ƙananan duwatsu kamar ƙanƙara, hayaƙinta ya rikita abokan gaba. Zai iya haƙa hanya ta ƙarƙashin ƙasa ba tare da an ji motsi ba, ko da za ta bi ta ƙarƙashin kogi. Zai ƙera kekunan yaƙi rufaffu da za su keta sahun maƙiya, dakaru su biyo baya lafiya. In a teku yaƙin ya kama, nan ma yana da abin yi.

Sai da ya gama duk wannan, a lamba ta goma, ya ce a lokacin zaman lafiya zai iya tsara gine-gine da jan ruwa daga wuri zuwa wuri. Sannan a ƙasa, kamar wanda ya tuna da wani abu yana bakin ƙofa, ya ƙara da cewa yana sassaƙa da dutse da tagulla da yumɓu, kuma a zane ma zai iya yin abin da kowane gwani zai yi. Mutumin da zai zana Mona Lisa ke nan. Ya kuma taɓo wurin da ya san yana yi wa Ludovico ƙaiƙayi: ya ce zai iya yin mutum-mutumin dokin tagulla da ake son kafawa don tunawa da mahaifinsa, Francesco Sforza. Ya rufe da cewa in akwai abin da wani ke ganin ba zai yiwu ba a cikin abin da ya lissafa, a shirye yake a gwada shi a lambun fada ko duk inda mai girma ya ga dama.

Mun karanta fassarar wasiƙar nan ya fi sau goma muna neman inda ya ce shi mai ƙwazo ne, ko mai haƙuri, ko mai saurin fahimta. Babu. Bai ambaci shekarunsa ba, bai ambaci garinsu ba, ko sunan maigidansa Verrocchio bai kawo ba. Amma kana gama karantawa ka san da wa kake magana: mutum mai ƙarfin hali, mai son warware matsala, wanda kansa ke tafasa da dabaru, mai ɗan girman kai kuma, in za mu faɗi gaskiya. Halinsa ya fito ne ta abin da ya zaɓa ya faɗa da yadda ya jera shi. Yawancin sakin layin da damuwar Ludovico suke farawa: in an kewaye gari, in harbi ya gaza, in a teku ne. Abin da ya fi ƙwarewa a kai ya ajiye shi a ƙarshe, don ya san ba shi ne ke hana mai karatun barci ba. Sannan ga kirarin ɗan dambe a rufewa: ga ni ga fage.

To amma kada mu yi wa tarihi kwalliyar da ba tasa ba. Yawancin kayan yaƙin nan a takarda suke lokacin da ya yi alƙawarinsu. Bai taɓa rushe ganuwar kowa ba. Kuma wasiƙar ba ta buɗe masa ƙofar fada washegari ba. Aikin farko da aka san ya samu a Milan, a 1483, wata ƙungiyar addini ce ta ba shi, kuma zane ne. Marubutan farko da suka ba da tarihinsa ma cewa suka yi da kiɗa ya fara shiga idon fadar, da wani abin kiɗa mai tsirkiya da aka ƙera da azurfa a siffar ƙoƙon kan doki. Sai da shekaru suka ja kafin ya zama cikakken ɗan fada, kuma cikin ayyukan da aka fi yaba masa har da shirya wasannin biki, kamar wanda ya tsara a 1490.

Aibin da wasiƙar ta ɓoye kuwa, dokin ne ya tona shi. An ba shi aikin, shekaru suna wucewa. A 1489 jakadan Florence a Milan ya rubuta wa shugabansa Lorenzo de' Medici cewa Ludovico ba shi da tabbacin Leonardo zai iya kammalawa, a taimaka a turo wasu gwanayen. Sai a 1493 ya fito da samfurin yumɓu, tsayinsa ya haura mita bakwai, jama'a suka yi ta al'ajabi. Kafin a zuba tagullar yaƙi ya taso, a 1494 aka kwashe ta aka tura a ƙera igwa da ita. A 1499 sojojin Faransa suka ci Milan, Ludovico ya gudu, maharbansu suka mai da dokin yumɓun abin gwada saiti har suka lalata shi. Fitaccen abin da ya rage na shekara 17 da ya yi a birnin, wanda mutane ke yin layi su gani har yau, shi ne zanen jibin ƙarshe na Annabi Isa da almajiransa a bangon ɗakin cin abincin wasu 'yan zuhudu. Wato abin nan da ya sa a layin ƙarshe. Hali zanen dutse: takarda ta shigar da shi, amma ba ta canja shi ba, kuma wanda ya ɗauke shi ya gano nagartar da aibin duka biyu.

Leonardo gwani ne da ke magana da mai mulki. Talakan Turai bai samu wannan bakin ba sai bayan ɗaruruwan shekaru, kuma abin da ya faru da shi a tsakani ya fi kama da namu. A Ingila, mai aikin gida in zai bar wani gida ya koma wani, sai ya nemi takarda daga tsohon maigidansa. Sunan takardar a Turancinsu ba wani abu ba ne illa "hali". A ba ka halinka a takarda, ko a hana ka. Yarinyar da uwargida ta kora ba tare da wannan takarda ba, kusan an rufe mata ƙofar kowane gidan mutunci. Takardar ta yi tsadar da har aka riƙa yin ta jabu, sai da majalisar dokokinsu ta yi doka a 1792 don hukunta masu yin hakan. A Faransa kuwa, a 1803 zamanin Napoleon, aka wajabta wa ma'aikaci riƙe wani ɗan littafi da maigidansa ke sa wa hannu. In ya bar aiki ba a sa masa hannu ba, wani ba zai ɗauke shi ba, in kuma aka kama shi a hanya babu littafin, ɗan zaman banza ne a idon hukuma. Sai a 1890 aka soke shi. Wannan al'ada ce Turawan mulki suka zo mana da ita. Kuku da boyi da masinja suna yawo da takardar shaida a naɗe cikin aljihu, sau da yawa mai ita bai iya karanta abin da aka rubuta a kansa ba.

A nan akwai abin lura. Fatoma da ya tsaya wa falke, in falken ya gudu da kaya shi zai biya, don haka ba ya yabon banza. Baturen da ya rubuta wa kukunsa layi uku ya hau jirgi ba abin da zai biya. Shaidar ta bar bakin wanda ke da abin asara ta koma takarda, nauyinta ya ragu, amma ikonta a kan talaka ya ƙaru.

CV irin wanda muka sani, wanda mai neman aiki ke rubutawa da kansa, ya bazu ne a ƙarni na 20, musamman a Amurka, lokacin da kamfanoni suka yi girman da mai kamfani ba zai iya sanin ma'aikatansa da fuska ba. Aka buɗe ofisoshin kula da ma'aikata, aka buga fom. Kalmar ma daga Latin take, ma'anarta tafarkin rayuwa. Da aka rasa mai tsaya wa mutum, sai aka koma neman auna hali da ma'auni. A yaƙin duniya na farko rundunar Amurka ta yi wa sama da mutum miliyan ɗaya da rabi jarrabawar basira, aka kuma tsara tambayoyin gano wanda zuciyarsa ba za ta ɗauki fagen fama ba. Bayan yaƙi kamfanoni suka ari dabarar. Takardun neman aiki na tsakiyar ƙarnin kuwa cike suke da tsayi, nauyi, addini, aure da yawan 'ya'ya, kamar ana cinikin doki. Dokar 'yancin jama'a ta 1964 ta haramta nuna bambanci wajen ɗaukar aiki saboda launi, addini, jinsi ko asali, daga nan waɗannan bayanai suka fara ɓacewa daga takardunsu. Gurbin da suka bari sai aka cike shi da kalmomin yabo, irin waɗanda yaron shago ya buga mana. Yau kuma a manyan kamfanoni manhaja ce ke fara tace takardun tana neman wasu kalmomi kafin idon ɗan'adam ya gani.

Mu a nan mun haɗa biyun ne muka riƙe. Mun ɗauki kalmomin yabon, ba mu kuma yar da jiha da ƙaramar hukuma da addini da aure ba. Jiha da ƙaramar hukuma suna da dalilinsu, domin tun kundin tsarin mulkin 1979 aka shigar da ƙa'idar raba guraben gwamnati tsakanin sassan ƙasa, kuma mu 'yan Arewa ba mu ne za mu raina wannan ƙa'ida ba. Amma rabin shafi yana tafiya wajen faɗin daga ina mutum ya fito, sauran rabin wajen faɗin abin da kowa ke faɗa. Shi kansa mutumin ba a bar masa wurin tsayawa ba.

Tun da zauren marubuta muke, bari mu kawo misali daga gidanmu. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya zaga garuruwan Arewa yana neman malamai su rubuta ƙagaggun labarai da Hausa don gasa. Cikin waɗanda suka amsa akwai wani malamin Midil ta Katsina ɗan shekara 22, Abubakar Imam. Takardar shaidarsa ta Kwalejin Katsina iri ɗaya ce da ta abokan karatunsa, ba abin da za ta gaya wa East game da shi wanda ba ta faɗa game da su ba. Ruwan Bagaja ne ya faɗa. A cikinsa aka ga raha, aka ga kaifin harshe, aka ga mutumin da ya san yadda ake riƙe mai karatu kada ya tashi. A 1936 East ya nemi a ba shi aronsa zuwa Zariya, ya zauna ya rubuta Magana Jari Ce. Da aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, shi aka ɗora a kujerar editan Hausa. Bai rubuta wa kowa cewa shi mai fasaha ne ba, aikin ya ajiye a gabansu. Daga baya shi da kansa ya zauna a Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa, takardun wasu suna zuwa gabansa.

Za a ce ai ba kowa ne Imam ba, ba kowa ne Leonardo ba, kuma gaskiya ne. Mai neman aikin akawu ba shi da littafin da zai aika. Amma yana da kwatankwacinsa, in ya yarda ya duba. Matsalarmu ita ce mun ɗauka ƙwarewa sai wadda aka yi a ofis mai fanka da kujerar juyi. Abin da muka yi a kasuwa, a gona, a islamiyya, a ƙungiyar unguwa, muna jin kunyar sa shi a takardar Turanci, kamar zai ɓata ta. Sai mu ɓoye abin da yake namu mu kaɗai, mu ari abin da yake na kowa. Kunyar da aka koya mana ta hana yabon kai ce. Faɗin cewa ka riƙe kuɗin ƙungiya shekara uku ba a taɓa neman ko sisi an rasa ba, wannan ba yabo ba ne, labari ne da ake iya bincikawa, kuma akwai waɗanda za a tambaya. Wanda ya rubuta "mai gaskiya da riƙon amana" shi ne ya yabi kansa, don ba abin da ya kawo sai bakinsa.

Akwai kuma ɗaya gefen, wanda dokin Milan ya nuna. Muna ganin takardun da mutum zai rubuta ya ƙware a manhajar lissafi alhali sau biyu ya taɓa buɗe ta. Leonardo ya yi alƙawarin abin da bai taɓa ginawa ba, amma aƙalla yana da zanensu da lissafinsu a kundi, kuma shi ya fara cewa a gwada shi. Duk da haka sai da ranar ta zo da maigidansa ya aika neman wani a bayan idonsa.

Mu koma kan bencin bakin makaranta. Bayan kusan shekara, abokinmu mai littafin bashi ya zauna ya sake rubuta tasa takardar da hannunsa kafin ya kai a buga. Ya cire ƙwazo, ya cire tafiye-tafiye. Ya rubuta cewa shekara bakwai yana riƙe da lissafin shagon hatsi, shi ke bin bashi wajen masu gidajen abinci, kuma shi ya mai da lissafin daga littafi zuwa kwamfuta. Yaron shagon ya karanta ya ɗago kai ya ce, "Malam, wannan fa ba a sa shi a CV." Ya ce masa, "Buga haka nan, ɗan'uwa."

Wani kamfanin rarraba kaya ya kira shi intabiyu. Ya ce ba wanda ya tambaye shi makin da ya fita da shi. Tambayar farko ita ce yaya yake yi da mai bashin da ya girme shi kuma abokin kawunsa ne. Daga nan suka miƙo masa shafi guda na lissafi suka ce akwai kuskure a ciki, ya nemo. Ya samo biyu, ashe uku ne. Suka ɗauke shi gwaji na wata shida.

Malamar islamiyya ta sa shekarunta biyar a tata takardar, tana jira har yanzu. Mai gyaran janareta kuwa mun yi da shi har mun gaji. Ya ce shi da diflomarsa ta injiniyan lantarki ba zai rubuta wa manaja cewa yana gyaran janareta a lungu ba. Ranar Asabar da ta wuce mun same shi a ƙofar gidansu da injin wani mai shagon aski a kwance a gabansa, ya warware shi gaba ɗaya, yara biyu da yake koya wa aikin suna miƙa masa sifana. Takardarsa tana nan yadda yaron shago ya buga ta, da karatu da tafiye-tafiye.